Yadda za ka tsare kanka daga 'yan damfara a harkar dillancin lodi da manyan motoci

Duk wanda ya ɗan jima a harkar dakon kaya ya san ba ɗan fashin kan hanya kaɗai ne abin tsoro ba, akwai wanda zai kira ka a waya da ladabinsa, ya turo takardu tsaf-tsaf, kai da hannunka ka buɗe masa get ka yi masa lodi har ka ce Allah ya kiyaye hanya. Shi nake so mu yi magana a kai, ko kai dillali ne, ko mai kaya, ko mai mota.

Ka fara gane salon wasan tukuna. Wanda ya fi damun mutane shi ne sayar da lodi sau biyu, wani ya zo maka a matsayin mai mota ka ba shi aiki alhali ko taya ɗaya bai mallaka ba, sai ya juya ya zama dillali ya miƙa wa wani direban Allah aikin, direba ya kai kaya lafiya, kai ka biya wancan, wancan ya kashe waya, shikenan direba ya dawo kanka yana neman haƙƙinsa. In kuwa aka yi hatsari a hanya inshora na iya zamewa, tunda motar da ta ɗauki kayan ba ita ce a takarda ba. Ɗayan kuma sojan gona ne, su ari sunan kamfani mai mutunci da lambar rajistarsa su zo su kwashi kaya, ba a ƙara jin ɗuriyarsu.

Maganin duka biyun kusan ɗaya ne: kar ka taɓa tantance mutum da lambar da shi ya ba ka. In ka kira lambar da ke ƙasan imel ɗinsa ai shi zai ɗauka ko abokin cin mushensa, ya ce maka eh mu ne. Ka nemo lambar kamfanin da kanka daga rajistar hukuma. A Amurka misali hukumar FMCSA mai kula da kamfanonin manyan motoci na da shafin intanet mai suna SAFER, kyauta ne, ka sa lambar rajistar kamfanin, wato USDOT ko MC, ka ga suna da adireshi da waya da yawan motoci, kuma tun 2013 dole dillali a can ya kasance da jinginar dala 75,000, wato lamunin da ake biyan mai mota daga ciki in dillali ya ƙi biya, a da 10,000 ce. Ko a wace ƙasa kake ka nemi inda ake rajistar kamfanoni ka duba. Kamfanin da takarda ta ce motarsa ɗaya amma yana karɓar lodi biyar a rana, to da walakin. Haka wanda ya yi shekaru shiru sai kwatsam aka canza waya da imel, don suna sayen tsohuwar rajista su yi aiki da ita.

Adireshin imel ɗin ma ka karanta shi harafi-harafi, wallahi nan ake cin mutane, r da n a jere sai su yi kama da m, sifili ya zauna a wurin o, kana cikin sauri ba za ka lura ba. Takardar inshora kuwa yaro ma zai gyara ta a kwamfuta, kamfanin inshorar za ka kira su tabbatar tana aiki.

Sai wurin lodi, wanda a ganina ya fi ko'ina muhimmanci, don in mota ta fita get magana ta ƙare. Tun kafin ta iso a turo wa mai sito sunan direba da lambar kan mota da ta tirela. Ta iso, a karɓi lasisi a kalli fuska, a ɗauki hoto. A duba sunan da ke jikin ƙofar motar, in ka ga sitika sabuwa fil an manna ta a karkace, ƙarƙashinta ana hango inuwar wani suna, kar a ɗora ko kwali ɗaya. Lambar sil, wato hatimin da aka rufe ƙofa da shi, a rubuta ta a waibil, takardar da ke raka kaya, mai karɓa ya duba kafin a yanke. Tiraka, na'urar da ke nuna inda mota take, ita ma tana da amfani, amma wadda ke cikin kaya ta fi ta wayar direba, waya ai ana iya ba wani ya yi ta yawo da ita.

Kai kuma direba, kuɗin da ya wuce na kasuwa nesa ba alheri ba ne, banza ba ta kai zomo kasuwa. In aka ce maka "in ka je ka ce daga kamfani kaza kake", ka san an sayar da lodin nan ne. In kana tsakiyar tafiya aka kira aka ce an canza wurin sauke kaya, ka faka ka kira mai kayan da lambar da ke kan waibil.

Batun kuɗi a taƙaice: saƙon "mun canza akawun" kar a biya sai an ji muryar wanda aka saba da shi, kuɗin mai na kafin alƙalami kar a ba baƙo sai an tabbatar kaya na kan mota. 'Yan damfara sun fi son yammacin ƙarshen mako da jajiberin dogon hutu, lokacin kowa na son ya rufe ofis, duk mai ce maka yanzu-yanzu ko aikin ya wuce ka, ƙyale shi ya wuce.

In kuma an riga an yi maka, kar kunya ta sa ka yi shiru. A ranar ka kira banki ko za a iya tsayar da kuɗin, ka kai rahoto wurin 'yan sanda, ka sanar da inshora da dandalin da ka samo shi, sannan ka adana hoton duk hirarku kafin ya goge.