Kurakuran da Ake Yi Idan Shafukan Intanet Suka Daina Karɓar Tsohuwar Burauzar Ofis

Duk wanda ke kula da kwamfutocin ma'aikata ya san sanarwar nan da kan fito a saman shafi, tana gargaɗin cewa burauzar da ake amfani da ita ta tsufa, kuma shafin zai daina aiki da ita nan gaba kaɗan. A watan Maris na 2010 Google ya fara janye hannunsa daga burauzar Internet Explorer 6, YouTube ma ya bi sahu a cikin watan. A ranar 17 ga Agusta 2021 manhajojin Microsoft 365 suka daina kula da Internet Explorer 11, sannan a ranar 15 ga Yuni 2022 kamfanin Microsoft da kansa ya jingine burauzar a yawancin sigogin Windows 10. Duk da tsawon wannan lokaci, sababbin shiga aikin suna ta maimaita kurakurai iri ɗaya, kuma na gaji da ganin ana faɗawa cikinsu.

Kuskure mafi tsada shi ne a daskarar da ofis gaba ɗaya a kan tsohuwar burauza saboda manhaja guda. Kusan kullum dalilin ɗaya ne: akwai wata tsohuwar manhajar cikin gida, ta rajistar ma'aikata ko ta ajiyar kaya, wadda aka gina a kan wani ƙari da ake ɗora wa burauza, irin su ActiveX ko Silverlight ko Java, kuma sababbin burauzoji ba sa ɗaukar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Maimakon a ware wannan manhajar ita kaɗai, sai a rufe sabuntawa a kan kowace kwamfuta, a ce kada kowa ya taɓa komai. Na gaji irin wannan tsari a wata ma'aikata, kuma na ɗanɗana kuɗarsa. A ƙarshen wani wata akantar ofishin ta buɗe shafin bankin da ake biyan albashi ta cikinsa, sai ta tarar da farin shafi mai ɗauke da layi ɗaya da ke cewa ba za a iya nuna shi ba. Ta sake latsawa, ta kashe kwamfutar ta kunna, jerin sunayen ma'aikata na ajiye a gabanta, mutane kuma suna leƙowa ƙofa suna tambaya. Bankin ya daina karɓar tsofaffin ƙa'idojin ɓoye bayanai na TLS 1.0 da 1.1, alhali burauzar da aka daskarar ba ta iya TLS 1.2 ba. Sanarwar ta daɗe a shafin, amma babu wanda ya isar da ita ga mai yanke hukunci. Albashi ya makara, ni kuwa na kwana ina bin kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya, ina yin aikin da ya kamata a ce an yi shi a natse tun da wuri.

Maganin da nake bi shi ne a sabunta burauzar kowa, a killace tsohuwar manhajar a wurinta. Microsoft Edge yana da yanayin Internet Explorer a cikinsa, wanda kamfanin ya yi alkawarin kula da shi aƙalla zuwa 2029. Ana rubuta jerin adireshin da suke buƙatarsa, a rarraba jerin ta hanyar Group Policy, wato tsarin Windows na aika saiti ga kwamfutocin ofis a lokaci guda, sai waɗannan adireshi kaɗai su riƙa buɗewa da tsohon injin, sauran intanet kuma ta tafi da sabo. A al'adata ba na saka adireshi a jerin sai na rubuta sunan sashen da ke amfani da shi da ranar da za a sake duba lamarinsa, domin jerin da ba a dubawa yakan kumbura har ya zama wata sabuwar matsala. Idan manhajar ta ƙi wannan yanayin ma, ina ware mata kwamfuta guda da aka yanke daga sauran intanet, ba a buɗe wasiƙa a kanta, ba a kuma shiga kowane shafi sai nata.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi ɓata mini rai, domin masu ɗan sani ne suke yin sa, kuma suna ɗaukarsa wayo. Kowace burauza tana gabatar da sunanta da sigarta ga shafin da ta ziyarta, sai wani ya canza wannan bayanin domin tsohuwar ta riƙa kiran kanta sabuwa. Sanarwar gargaɗi za ta ɓace, shafin ma zai iya buɗewa, amma injin da ke ciki bai canza ba, kuma bai fahimci sababbin salon JavaScript, harshen da shafuka ke aiki da shi, da aka shigo da su tun daga 2015 ba. Ma'aikaci zai cika fom mai tsawo, ya danna maɓallin aikawa, maɓallin ya yi shiru, ko kuma rabin bayanan su tafi rabi su salwanta ba tare da kowa ya sani ba. Ku daina wannan ɗabi'a. Ba ku gyara komai ba, kun dai cire alamar da ke nuna cewa akwai ɓaraka.

Ƙanin wannan kuskure shi ne koya wa ma'aikata su riƙa wuce gargaɗin tsaro. A ranar 30 ga Satumba 2021 wa'adin wata tsohuwar takardar shaidar tsaro mai suna DST Root CA X3 ya ƙare, wadda takardun Let's Encrypt, cibiyar da ke ba shafuka takardun tabbatar da sahihancinsu, suka dogara da ita a tsofaffin na'urori, sai shafuka masu lafiya suka fara nuna jan gargaɗi a kan kwamfutocin da ba a sabunta ba. Wasu masu kula da ofisoshi suka ce wa mutanensu su danna su wuce kawai. Wanda aka saba masa da haka ba zai tsaya ba ranar da gargaɗin ya zama na gaskiya, ranar da shafin bogi ke jiran kalmar sirrinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma burauzar da aka daina yi wa facin tsaro ba mai toshe tsagarta. A watan Janairu na 2010 Google ya bayyana cewa an yi masa kutse, aka gano masu kutsen sun bi ta wata kafa a Internet Explorer, har hukumomin Jamus da Faransa suka shawarci jama'arsu da su koma wata burauzar kafin a toshe ta.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma suna yawan aukuwa. Wasu suna ganin saka Chrome a kan Windows 7 ya wadatar, alhali Chrome 109 na Janairun 2023 shi ne na ƙarshe a can, Firefox kuma ya tsaya a siga ta 115. Idan tsarin kwamfutar ya tsufa, shi za a fara sauyawa. Wasu suna kashe sabuntawa don tsoron sauyi na ba-zata, alhali akwai Firefox ESR, wani nau'in Firefox wanda ke samun gyaran tsaro a kai a kai amma babban sauyinsa kusan sau ɗaya ne a shekara. Wasu suna sauya burauza ba su kwashe wa ma'aikata ajiyayyun adireshi da kalmomin sirrinsu ba, sai mutane su koma wa tsohuwar a ɓoye. Wasu kuma suna ɓata lokaci wajen aika wa masu shafin wasiƙar ƙorafi, kuma ban taɓa ganin hakan ya dawo da abin da aka riga aka janye ba.

Akwai kuma wanda ake yi tun a teburin sayayya, wato a sayi sabuwar manhaja ba a tambayi burauzar da take aiki da ita ba. Ni ba na amincewa da yarjejeniya sai mai sayarwa ya rubuta cewa manhajarsa tana aiki da sababbin sigogin Chrome da Edge da Firefox ba tare da wani ƙari na musamman ba, kuma gyara na wuyansa idan wata siga ta gaba ta hana ta aiki.