Yadda Ake Furta Zunubi Gaban Allah Ba Tare da Kwana-kwana Ba

Akwai addu'ar da kusan kowane mai bi ya haddace: "Ya Uba, ka gafarta mana zunubanmu, waɗanda muka sani da waɗanda ba mu sani ba." A taron ikilisiya ba ni da ja da ita. Amma idan ka shiga ɗaki kai kaɗai, ka durƙusa, har yanzu ita ce kawai a bakinka, to ina zargin ta zama maka maɓoya. Ka san abin da ka aikata sarai, ka cusa shi cikin "waɗanda ba mu sani ba" don kada ka ambace shi.

Abin da nake ba mutane shawara shi ne su fara da yin shiru. Kada ka yi saurin buɗe baki. Ka karanta ƙarshen Zabura 139, inda Dawuda ke roƙon Allah ya bincike shi, ya san zuciyarsa, sannan ka bi ranarka daga safe zuwa dare, mutum bayan mutum. Wa ka yi wa magana, da wace murya? Wane saƙo ka goge daga wayarka don kada wani ya gani? Labarin wa ka ji ya samu ci gaba, cikinka ya ƙulle? Inda ka ji zuciyarka tana so ta tsallake da sauri, nan ne za ka tsaya.

Daga nan sai ka kira abin da sunansa, ka sa kanka a matsayin wanda ya aikata. Nan ne aikin yake, nan kuma muka fi wayo. "An samu ɗan saɓani tsakanina da ita" ba furci ba ne. "Na wulaƙanta matata gaban yara, na kuma yi da gangan don ta ji zafi", wannan shi ne furci. Littafi Mai Tsarki cike yake da gwanayen zillewa. Adamu ya ce matar da Allah ya ba shi ce ta jawo. Sarki Saul, a 1 Sama'ila 15, ya ce jama'a ne suka bar dabbobin da Allah ya ce a hallaka da rai, wai don su miƙa hadaya. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Haruna a Fitowa 32: wai zinariya kawai ya jefa a wuta, sai ga ɗan maraƙi ya fito, kamar ba shi ya ƙera shi da hannunsa ba. Dawuda kuwa, bayan ya ɗauke Batsheba ya sa aka kashe mijinta Uriya a bakin daga, da annabi Natan ya ce masa shi ne mai laifin, amsarsa gajera ce: ya yi wa Ubangiji zunubi. Bai kawo nauyin sarauta ba, bai ɗora wa matar laifi ba.

Don haka ka lura da kalmar "amma" a addu'arka. Duk abin da ya biyo bayanta, yawanci kare kai ne. Ka yanke jimlar kafin ka kai gare ta.

Sai kuma abin da ke ƙarƙashin aikin. Ƙaryar da ka yi, me take karewa? Tsoron a raina ka ne, ko kwaɗayi, ko son a yabe ka? Ka faɗa wa Allah wannan ma. Wani lokaci gaskiyar ita ce ba ka shirya dainawa ba, zunubin yana yi maka daɗi. To ka faɗi hakan, ka roƙi ya ba ka son tuba, ya fi ka yi alkawarin da kai kanka ka san ba za ka cika ba. Idan fushi kake yi da Allah, shi ma ka faɗa. Yunana ya yi, Zabura 88 ma ta ƙare cikin duhu ba tare da kalmar yabo ba, ga ta nan cikin Littafi. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Game da faɗa wa ɗan adam, ikilisiyoyi sun bambanta. A Katolika, tun Majalisar Lateran ta Huɗu, wani babban taron shugabannin ikilisiya a 1215, aka wajabta wa mai bi ya furta zunubansa gaban Fada, wato firist, aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma an haramta wa Fada ya tona abin da ya ji, ko da za a kashe shi. Yawancin Furotesta ba su ɗauke shi farilla ba, amma Yakubu 5:16 na nan yana cewa mu furta wa juna zunubanmu. A ganina, zunubin da ka yi ta furtawa a ɓoye kana komawa, lokaci ya yi da kunnen mutum zai ji shi. Ka zaɓi wanda ya manyanta cikin bangaskiya, mai riƙe baki, wanda ba zai firgita ba, ba kuma zai ce maka "ba komai" ba.

Idan akwai haƙƙin wani a ciki, addu'a kaɗai ba ta rufe maganar ba. Yesu ya ce a Matiyu 5 ka bar baikonka gaban bagade, ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna. Zakka, mai karɓar harajin nan da ya sadu da Yesu, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zambata. Ka mayar da kuɗin, ka gyara ƙaryar a gaban waɗanda suka ji ta. Sai dai ka auna: kada ka je ka sauke wa wani nauyin da bai san da shi ba don kawai kai ka ji sanyi. A irin wannan, ka fara neman shawarar fasto.

Bayan ka gama, ka karanta 1 Yohanna 1:9 da murya, inda aka ce idan mun furta zunubanmu Allah zai gafarta mana, ka tashi. Yahuza, wanda ya ci amanar Yesu, shi ma ya ce ya yi zunubi, har ya mayar da azurfa talatin ɗin da aka biya shi, amma bai jira gafara ba. Idan tsohon laifin da ka riga ka furta ya dawo yana cizon ka da dare, ba sai ka sake furta shi daga farko ba. Ka gode wa Allah da ya yafe, ka duba ko akwai wani abin gyara da ya rage tsakaninka da wanda ka yi wa laifin.