Yadda za ka kalli tseren Mikaela Shiffrin ka gane abin da kake kallo

Hunturuna na farko a Innsbruck, cikin ƙasar Ostiriya, ina haya a gidan wata dattijuwa wadda ba a yi mata magana ranar Asabar da hantsi. Tana gaban talabijin da kofin gahawa, mata na sulalowa daga kan dutse ɗaya bayan ɗaya a kan ƙanƙara, da dogayen alluna biyu masu gefen ƙarfe ɗaure a ƙafafunsu. Na zauna minti goma na ce mata ni dai duk iri ɗaya nake ganinsu. Ta kalle ni kamar na zagi mahaifinta, ta nuna ƙasan allon da yatsa, ta ce agogo ake kallo. Abin da ta koya mini a wannan hunturun shi zan ba ka, kuma da Mikaela Shiffrin zan yi misali, don ita ce wadda za ka fi cin karo da sunanta.

Fara da silalom, ka bar sauran tukuna. Shi ne tseren da ake kafa sanduna ja da shuɗi kusa da juna, mai tsere ta riƙa kewaye su tana bugun su da hannu da ƙwauri. Akwai babban silalom mai sanduna nesa-nesa, akwai Supa-Ji wanda ya fi shi sauri, akwai gangara zalla inda gudu ke wuce kilomita 100 a awa. Shiffrin ta ci tsere a kowannensu, amma silalom ne gidanta. An haife ta a Vail ta jihar Kolorado a Amurka a 1995, ta shiga gasar Kofin Duniya tana shekara 15, ta ci silalom ɗinta na farko a Åre ta ƙasar Suwidin a Disambar 2012, tana shekara 17.

Yanzu agogon. Ba tare suke gudu ba, kowace ita kaɗai take sauka, kuma ana auna lokaci har kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. A hanya akwai wurare biyu ko uku da ake gwada lokacinta da na wadda ke gaba. In lambar ta fito koriya, ta fi sauri. In ta fito ja, tana baya. Ka saba da ƙananan lambobi: 0.10 ba komai ba ne, kuskure ɗaya ya cinye shi; 0.50 tazara ce ta gaske. Sakan guda cur kuwa an yi wa mutum nisa. Da wannan ma'aunin za ka gane abin da ya faru a Aspen ta Amurka a Nuwambar 2015, inda Shiffrin ta ba ta biyu tazarar sakan 3.07. Dattijuwar nan tana faɗin lambar kamar yadda muke faɗin ƙwallayen wasan da ba a mantawa.

Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne kallon sauka ta farko na tashi. Silalom da babban silalom sauka biyu ake yi, a haɗa lokutan. Talatin na farko ne kawai ke komawa, kuma a juye: ta talatin ita ke fara sauka, wadda ta zo ta ɗaya ita ce ta ƙarshe. Ka yi tunanin abin da wannan ke nufi. Mutum 29 sun riga sun bi hanyar, ƙarfen ƙafarsu ya yanka ramuka a gindin kowace sanda, ita kuma tana tsaye a sama tana jin ihun jama'a daga ƙasa, ta san wata ta yi abin kirki. Idan lokacinka kaɗan ne, ka kunna a kan goma na ƙarshe a sauka ta biyu. Nan ne ake yin ta.

Nan ne kuma abu ya sami Shiffrin a Killington ta Amurka ranar 30 ga Nuwambar 2024. Tana kan gaba bayan sauka ta farko a babban silalom, tana neman nasara ta 100 a gaban mutanen ƙasarta, sai ta faɗi a ta biyu, wani abu ya huda ta a gefen ciki. Ta yi wata biyu ba ta tsere. Nasarar ta 100 ta zo a Sestriere ta Italiya ranar 23 ga Fabrairun 2025, a silalom.

Bayan ka saba da agogo, sai ka ɗaga ido ka dubi jikinta. Kada ka bi hannuwa, suna ruɗarwa. Dubi kafaɗu da ƙafafu. Wadda ta iya, kafaɗunta na fuskantar ƙasan dutse kusan a tsaye, ƙafafun ne kawai ke kaiwa da komowa a ƙarƙashinta. Sannan ka dubi ƙurar ƙanƙarar da ke tashi. Ni da farko na ɗauka mai tayar da ƙura da yawa ita ce gwana, irin ta mahayin da ya ja linzami a gaban sarki ranar hawa. Ashe akasin haka ne. Ƙura alamar birki ce, allon ƙafarta ya goge ƙanƙara maimakon ya yanka ta. Shiffrin a ranar da take kan ganiyarta kamar ba ta sauri, babu hayaniya a jikinta, sai lamba ta fito koriya ka rasa inda ta samo ta. Ka kuma sani ba garin ƙanƙara mai laushi ba ne a ƙarƙashinsu. Ruwa ake ɗura wa hanyar ta daskare ta yi tauri. Na taɓa taka gefen irin wannan hanya da takalmina, ban kai taku uku ba na zauna daɓas.

In ka ga mai tsere ta tsaya cak ba tare da ta faɗi ba, galibi sanda ce ta shiga tsakanin ƙafafunta, ko ta tsallake ɗaya. Shi ke nan, ta fita, babu maki.

Makin kuwa lissafinsa mai sauƙi ne: ta ɗaya 100, ta biyu 80, ta uku 60, a yi ta raguwa har ta talatin mai maki 1. Ana tarawa tun daga tseren Sölden ta Ostiriya a ƙarshen Oktoba har watan Maris. Wadda ta fi maki a fanni ɗaya ta ɗauki ƙaramin kofin ƙarau, wadda ta fi a jimilla ta ɗauki babba. Shiffrin ta ɗauki babban a 2017, 2018, 2019, 2022 da 2023, kuma a kakar 2019 kaɗai ta ci tsere 17.

Shi ya sa nake jin haushin mai auna ta da Olamfik kawai. Ta ci zinare a Sochi a 2014 tana shekara 18, ta ƙara a Pyeongchang a 2018. A Beijing a 2022 kuwa, shekara biyu bayan rasuwar mahaifinta, ta fita daga hanya a tsere uku, ta dawo hannu wofi, har aka nuno ta zaune a gefen hanya ta haɗa kai da gwiwa. Masu kallon shekara huɗu-huɗu suka ce ta ƙare. Bayan wata guda ta ɗauki babban kofi. A Janairun 2023 ta wuce nasarori 82 na Lindsey Vonn, wadda ta fi kowace mace a lokacin, a Maris kuma ta wuce 86 na Ingemar Stenmark, ɗan Suwidin da ya fi kowa maza da mata, adadin da ya tsaya tun 1989, kuma a Åre ɗin nan da ta fara.

Ga wanda ke Kano ko Damagaram akwai sauƙi ɗaya: a hunturu agogonmu da na Ostiriya da Italiya da Faransa ɗaya ne. Sauka ta farko kan zo wajen ƙarfe goma na safe, ta biyu wajen ƙarfe ɗaya, sai ka lura kada ta ci maka Azahar. In data ba ta isa bidiyo ba, shafin FIS, hukumar wasan ta duniya, na nuna lokutan kai tsaye, lambobi zalla, kuma wallahi in ka iya karanta su sun isa su tsayar maka da numfashi.

Ka sa wa watan Nuwamba ido, lokacin silalom na Levi a arewacin Finlan. Wadda ta ci ana ba ta barewar ƙasar ƙanƙara, ta raɗa mata suna, a bar dabbar a gonar can. Shiffrin ta tara garke guda. Na farko ta sa masa Rudolph, wani daga baya kuma ta sa masa Ingemar.