Yadda zaka zaɓi fawa miksa don aikin biki da majalisi

Kusan duk sati sai wani ya turo min hoton kwali a WhatsApp, an rangaɗa 5000W da jan rubutu ɓaro-ɓaro, yace oga ya ka ga wannan, in biya? Ni kuma tambaya biyu nake mayar masa, waɗanne sifiku gareka, kuma wane injin janareto zaka tayar ranar aiki. Yawanci anan hirar take tsayawa don ko tunaninsu bai yi ba. Toh yau dai bara in zauna in rubuta abin gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya sai in tura masa in huta.

Fawa miksa ita ce miksar da aka haɗa da amfilifaya (amfi, mai ƙara wa sauti ƙarfi) a akwati ɗaya, ka soka makirfo da fiyano ta gaba, ka ja waya ta baya kai tsaye zuwa sifika, shikenan ka tashi aiki. Ga mai zuwa kamu, walimar sauka, majalisi, maulidin unguwa ko ɗan ɗakin taro mai cin mutum 200 zuwa 300 ta wadatar, kuma adaidaita ɗaya ta kwashe ka da kayanka. Aibunta ɗaya ne, ranar da ta mutu miksa da amfi duk sun tafi tare.

Kafin komai ka tabbatar ita kake buƙata ma tukunna. In sifikunka irin masu amfi a jikinsu ne, waɗanda ake jona wa wuta ta baya, ba ruwanka da fawa miksa, miksa zalla zaka saya, kuma kar ka kuskura ka ja wayar ƙarfi ta fawa miksa ka soka musu, ƙonewa zasu yi. In kuma aikinka lasifikar masallaci ce irin hon ɗin da ake ɗaurawa a saman hasumiya don kiran sallah da tafsiri, ka nemi amfi irin na kamfanin Ahuja ko TOA da aka yi don wannan aikin, da yawansu har batirin mota suna ɗauka in an ɗauke wuta. Hon bai wuce wat 30 ko 40 ba yawanci, ka ɗora masa 500 kaga ai ka gama da shi. Taron siyasa a fili kuwa wannan ba sa'arta bane, sai amfi daban-daban.

Mataki na farko, juya sifikarka ka karanta bayanta. Abu biyu kake nema, om, wato ma'aunin yadda sifika take tare wutar da amfi ke turo mata, da kuma wat na RMS, wato ƙarfin da zata iya ɗauka a jere ba na ƙiftawar ido ba. Maganar om ɗin nan ita tafi cinye wa mutane kaya don haka zan ɗan daɗe a kanta. Yawancin sifikun 15 inci da muke aiki da su om 8 ne. In ka jona biyu a gefe ɗaya na miksar (dama ko hagu), wato ka ɗauko waya daga bayan ta farko ka kai wa ta biyu, ba 16 zasu zama ba, raguwa zasu yi su koma om 4. In ka ƙara ta uku su sauko wajen 2.7, ta huɗu kuma 2. Su kuma galibin fawa miksa iyakarsu om 4 ne a kowane gefe, zaka ga an rubuta a kusa da inda ake soka wayar. Kenan sifika biyu dama biyu hagu, huɗu jimla, nan ne ƙarshen abin da zata ɗauka in duk om 8 ne. In kuma om 4 ce sifikar taka toh ɗaya-ɗaya kawai.

Ni da kaina na koyi wannan karatun ne a gaban jama'a. Wani biki aka ce min ɗakin babba ne, sai na aro sifika biyu wajen abokin sana'a na ƙara, uku-uku kenan kowane gefe. Lokacin gwaji lafiya lau. Ana tsaka da shigowar amarya, ƙawaye sun jeru, an fara liƙi, sai ji kake ɗif, jan fitilar nan ta kariya ta kama. Mai fiyano yana ta danne-dannensa ba abin da yake fita, uwar biki ta juyo tana min wani irin kallo da har yau ban manta ba, na taɓa bayan miksar wallahi kamar murfin tukunya. Sai da na zare sifika biyun aka jira ta huce. Allah ya taimake ni kashe kanta tayi, wata ba zata kashe kanta ba, hayaƙi kawai zaka gani.

Mataki na biyu shine wat, kuma anan ake wa rogo kallon kitse. Lambar da take kan kwali, musamman in kaga PMPO a gefenta, ta talla ce kawai. Abin da zaka tambaya shine wat nawa RMS a kowane gefe, kuma a kan om nawa. Misali Yamaha EMX512SC wat 500 ce kowane gefe a kan om 4, sabbinsu EMX5 an rubuta 630, EMX7 kuma 710. Kamfanin da ya san abin da yake yi kenan yake rubuta ɗaruruwa, sai kuma wata ƴar akwati mara suna da zaka ɗaga da yatsa biyu tace ita dubu biyar ce. Sannan ka sani wannan lambar ta om 4 ce, in sifika ɗaya mai om 8 ka sa a gefen, ƙarfin da zata samu ya ragu, wajen kashi biyu cikin uku ko ma ƙasa.

Ga wata dabara da nake yi a shago. Duba wajen da wayar wuta take shiga, akwai fis, an rubuta amf nawa ne, wato yawan wutar da yake bari ta wuce. Wutarmu 230V ce, in fis ɗin amf 3 ne sai ka buga 230 sau 3, ya baka 690. Abin da ba zai iya jan fiye da wat 690 daga bango ba ta ina zai samo 5000 ya ba sifika? Eh akwai ɗan ƙarin da amfi yake iya bugawa na ƙiftawar ido lokacin da ganga ta sauka, amma ba ninki bakwai ba.

Nawa ya kamata ka nema? Ka sa ƙarfin gefen ya ɗara na sifikun da ke kansa, kamar ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na RMS ɗinsu. Sifika mai 300, amfi mai 450 zuwa 600. Mutane na jin tsoron wannan, suna ganin ƙaramin amfi shine zaman lafiya, alhali ƙaramin amfin da aka matsa har jan fitilar kilif, mai nuna amfi ya kai iyakarsa, ta tsaya cak shine yake soya tuwita, wato ƴar sifikar da ke fitar da siririn sauti, sautin ya fara fashewa yana kwarr kwarr kai kuma kana ƙara murɗawa. Babban amfi da ake tafiya da shi a rabi yafi lafiya nesa ba kusa ba. Kuma kar ka ƙara kuɗi mai yawa don bambancin 500 da 600, kunne ba zai ji ba, ko ninka wat kayi gaba ɗaya desibel 3 kacal ka ƙaru a ma'aunin ƙarar sauti, ɗan kaɗan ne. Sifika mai kyau da ka ɗora a kan sanda sama da kawunan mutane tafi ƙarin wat 200 amfani.

Na uku, ɗauko takarda ka lissafa duk abin da zaka soka a aikinka mafi girma. Mawaƙi ɗaya, ƴan amshi uku, MC, makirfo ɗaya a bakin kalangu ko mandiri, fiyano yana cin layi biyu in kana son sitiriyo, sai wayar hannu ko laftof. Tara kenan tun ba a je ko'ina ba, kuma ka san halinmu dole sai wani baƙon mawaƙi ya zo da makirfonsa. Ƙara biyu a kan lissafinka. Amma ka lura, in an ce maka tana da layi 12 ba yana nufin makirfo 12 ba, ƙirga ramukan nan masu ido uku da ake kira XLR da idonka, wani lokacin 6 ne ko 8, sauran na fiyano da waya ne. In kana da makirfo irin na situdiyo da ake kira kondensa, sai da maɓallin 48V zai yi magana, ka duba akwai shi. Bulutut da ramin filash abin marmari ne, kar su ruɗe ka.

Na huɗu, monita da eko. Mawaƙin da baya jin kansa ihu zai yi ta yi yana maka alama da hannu ka ƙara. Don haka nemi wadda take da layin monita, wato sifikar da ake ajiyewa gaban mawaƙi don ya ji kansa, kuma a bayanta ko gabanta akwai maɓallin da zai baka zaɓi, ko dai amfi biyun su tafi dama da hagu, ko ɗaya ya ɗauki sifikun jama'a ɗaya ya ɗauki monita. Ni na biyun nafi yi, don mutanen da ke zaune a rumfa ba wanda ya damu da sitiriyo. Eko kuwa ba sai an faɗa ba, mawaƙanmu da masu bege ba zasu yafe maka ba in babu shi, sai dai ka saurara da kyau, wani ekon kamar a cikin randa ake magana. Kuma ya zama kowane layi da abin murɗa ekonsa daban, don in malam zai yi addu'a ko MC zai kira sunan dangin ango a sauke masa nasa, magana ta fito fes.

Sai ƴan sandunan nan na ikwalaiza guda 7 ko 9. Ba ado bane, da su ake kashe kukan nan na wiiii da yake sa kowa ya toshe kunne. Wadda take da jeri biyu, ɗaya na jama'a ɗaya na monita, ita tafi. Ka kuma duba akwai ramin fita na layi, saboda gaba in Allah ya buɗa ka sayi wufa, wato sifikar bas, da amfinta daban sai ka ja daga nan ba sai ka canza miksa ba.

Na biyar, wuta. Wannan fa ba a rubuta shi a takardar kamfani don su a can ba a ɗauke musu wuta. Ƙaramin injin nan na shago da ko wat 1000 baya kaiwa ba zai riƙe fawa miksa mai 500 biyu ba, duk sanda bas ya buga zaka ga ƙwan fitila yana lumshewa, kuma in wuta tayi ƙasa amfi yana fara fashewa tun bai kai ko'ina ba. Ka nemi inji kamar 2.5kVA zuwa sama, kar ka yarda a jona firiza ko manyan fitilu masu zafi a layinka duk magiyar da za a yi, ka sa sitabilaiza a tsakani. Inji ya fara tashi ya daidaita sannan ka kunna miksa, in za a kashe kuma ita zaka fara kashewa. Ka riƙa leƙa mai, don lokacin da inji yake shaƙewa yana sama da ƙasa shine lokacin da kaya suke tafiya.

Anan ne zaka zaɓi tsakanin masu nauyi da marasa nauyi. Tsofaffin masu ƙaton tiransifoma a ciki, irin tsofaffin Peavey XR, ɗaukarsu sai ka yi nishi, amma suna da haƙuri, kuma in sun lalace mai gyaran rediyo na kasuwa zai buɗe ya canza tiransista ka dawo aiki. Sabbin da ake kira kilas D basu da nauyi, basa zafi sosai, basa shan wuta da yawa, sai dai in allonsu ya ƙone ba kowane mai gyara ne yake iya taɓawa ba. Ni shawarata kafin ka je shago ka fara zuwa wajen mai gyaran da ka yarda da shi ka tambaye shi wacce yake da kayanta. In kuma ta hannu ce ƴar Kwatano, duba bayanta da kyau, wadda ta fito daga Amurka 120V ce, ka soka ta a wutarmu ba tare da abin rage wuta ba ko sallama ba zata yi maka ba.

Na ƙarshe, ranar saye. Ko Sabon Gari ka shiga a Kano ko Alaba a Legas, kar ka sayi kifi a ruwa, kuma kar ka yarda da gwajin minti biyu da sifikar mai shago. Tafi da sifikarka ko da ɗaya ce, da makirfonka, da waƙar da kunnenka ya saba da ita a waya. Soka makirfon a kowane rami ɗaya bayan ɗaya, murɗa kowane maɓalli ka ji ko yana ƙarar yashi. Sauke komai ƙasa ka kara kunne a sifika, in kaji tana gurnani huuum akwai matsala. Gwada gefen dama daban hagu daban, don ana sayar da mai gefe ɗaya a mace. Sannan ka saki kiɗa da ƙarfi ka bar ta minti 20 ko 30 ko da mai shago zai ɓata rai, ka sa hannu a baya ka ji fanka tana hura iska, ka sunkuya ka shinshina. Abin da ya yi zafi a shago cikin inuwa ka tuna a watan Afrilu zaka kai shi rumfa da rana tsaka.

Jabu kuma sun cika kasuwa, suna ɗauke da sunan manyan kamfanoni. Shigar da lambar samfurin a Google ka ga ko kamfanin ya taɓa yin irinta ma, ka gwada hoton da abin da ke gabanka maɓalli da maɓalli. Ta hannu kuma kalli kawunan kusoshin, in sun cinye an sha buɗe ta. A rubuta maka rasit da lambar jikinta da kwanakin da zaka iya dawowa da ita.

In ciniki ya faɗa kar ka ƙarar da kuɗin duka, rage na wayar sifika. Wayar jita ko ta makirfo ba a jan sifika da ita, siririya ce, zafi take yi tana cinye ƙarfin. Sayi mai kauri 2.5mm² in nisan yana da yawa, da kai irin na Speakon mai murɗawa ya kulle, yara na gudu a wajen biki su taka ba zai fita ba. Sai ka ba kafinta ya yi mata akwati mai buɗewa gaba da baya don iska, da buroshi ɗan ƙarami na share ƙurar hunturu daga bakin fankar duk bayan aiki.