Yadda Ake Gane Lambar Yabon Waɗanda Suka Ɓoye Fursunonin Yaƙi

Tauraron Bama na kakana, wato lambar yabon da Ingila ta bai wa sojojin da suka yi yaƙin Burma, shi ne ya jefa ni cikin wannan harka. A adakar kakarmu na tsince shi, naɗe cikin tsumma. Garin bin tarihinsa na faɗa tara lambobin Yaƙin Duniya na Biyu, har na iso ga waɗanda suka fi ba ni ciwon kai, wato na farar hular Faransa da Beljiyam da Holan, manoma da matan gida da suka ɓoye fursunan da ya tsere ko matuƙin jirgin da aka harbo.

In irin wannan lamba ta zo hannunka, fara da juya ta. Ranar 23 ga Agusta 1945 Sarki George na Shida na Ingila ya kafa lambobi biyu domin 'yan ƙasashen waje, ta jarunta da ta hidima. Duka na azurfa ne, faɗinsu milimita 36, kuma kan sarkin ne da kambi a gaban kowacce. Daga gaba kamar tagwaye suke. Ta jarunta, wadda aka fi bai wa masu ɓoye fursunoni, rubutu ne zalla a bayanta, sarƙa ta kewaye shi, za ka ga kalmar COURAGE a ciki. Kimanin 3,200 aka bayar. Ta hidima kuwa hoton mayaƙi ne cikin sulke riƙe da karyayyen mashi, wata mace tana miƙa masa abin sha.

Sai ka dubi ƙyallen da ake rataye lambar da shi, amma kada ka ba shi amana. Na jarunta fari ne, siraran layuka shuɗɗa biyu a tsakiya, ja mai faɗi a gefe da gefe. Na hidima jan layin a tsakiya yake. Ni a nan aka yi mini sakiyar da ba ruwa. Wani dillali ya turo mini hoton gaba kaɗai da ƙyallen jarunta, na biya ina murna, da kaya suka iso na juya sai ga mai sulke yana kallona. Sauya ƙyalle aikin minti biyu ne. In ka ga an ɗaure shi kamar malam-buɗe-littafi, na mata ne, ba aibi ba ne.

Amurka ma tana da tata lambar, Medal of Freedom, ba ta da wuyar ganewa. Shugaba Truman ya kafa ta a Yulin 1945. Tagulla ce, kan mace da kalmar FREEDOM a gaba, ƙararrawa a baya, ƙyalle ja mai siraran fararen layuka huɗu. Darajar tana ga ɗan reshen dabinon da ake maƙalawa a ƙyallen, na tagulla ko azurfa ko zinariya. Andrée de Jongh, 'yar Beljiyam da ta riƙa tsallakar da sojojin sama ta duwatsun Pyrenees zuwa Sifen, mai reshen zinariya ta samu. Reshen ma ana saya a maƙala, saboda haka a kula.

Don gane jabu, kara mata maganaɗisu, azurfa ba ta kama shi. Ka auna faɗin. Ka sa madubin ƙara girma a kan haruffa. Ta asali bugawa aka yi, bakin haruffanta tsaf; ta jabu yawanci zubi ce, da ƙananan ramuka da tabon haɗi a gefe. Kuma don Allah kada ka goge ta da toka ko man wanke ƙarfe.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Lambobin sarkin nan biyu ba a sassaƙa sunan kowa a jikinsu ba. Ko ta asali ce, ba za ta faɗa maka wanda aka bai wa ba. Duk labarin da mai sayarwa zai shirya maka na wata tsohuwa da ta ɓoye soja a rumbu, ka ce ya kawo takarda. Akwai takardar godiya mai sa hannun Janar Eisenhower na Amurka, akwai ta mataimakinsa Tedder ta ɓangaren Ingila. Sunan da ke kanta shi za ka bi zuwa ma'ajiyar tarihi ta Kew a Landan, inda fayilolin MI9, sashen sojan Ingila mai taimaka wa fursunoni su tsere, suke ƙarƙashin rukuni mai lamba WO 208, ko ta College Park a Amurka. In ka ga an zana suna a gefen lambar, daga baya aka yi. Mai yiwuwa iyalin ne, mai yiwuwa mai son ƙara kuɗi.

Italiya kuwa labarinta daban. Bayan tsagaita wutar 8 ga Satumba 1943 tsakanin Italiya da ƙawancen su Ingila da Amurka, dubban fursunonin ƙawancen sun fantsama cikin ƙauyuka, talakawa suka ciyar da su. Gwamnatin Ingila ta ƙi ba su lamba, sai takarda mai sa hannun Alexander, babban kwamandan sojojin ƙawance a yankin, da ɗan kuɗin diyya. Don haka in aka kawo maka lambar jarunta aka ce ta manomin Italiya ce, riƙe kuɗinka tukuna, ka tambayi takardar Alexander.