Sun ce za su kira ka, shiru kake ji: yaushe ya kamata ka nemi manaja?

"Za mu kira ka." Da wannan maganar ake sallamar mai ƙorafi a waya, ko banki ya kira, ko kamfanin sadarwa, ko na inshora, ko inda ya sayi kaya ta intanet. Sai mutum ya ajiye waya ya zauna jiran gawon shanu. Wani tun a ranar farko yake harzuƙa ya ce a haɗa shi da manaja, wani kuma ya yi mako uku yana haƙuri har wa'adin da ke kare masa haƙƙinsa ya wuce. Dukansu asara suke ja wa kansu. Lokacin neman manaja yana da alama ɗaya da ba ta ruɗi: an yi maka alkawari mai rana, an saɓa har sau biyu, kuma kana da shaidar hakan a hannu.

Abin da ke faruwa bayan ka ajiye waya

Wanda ya ɗaga wayarka yawanci ba shi ne zai warware matsalar ba. Aikinsa ya saurare ka, ya buɗe maka fayil a kwamfuta wanda suke kira tikiti, ya ba shi lamba, sannan ya tura shi sashen da ke da hurumi, ko masu kuɗi, ko masu gyara, ko masu jigilar kaya. Daga can kiran zai fito. To, tsakanin teburinsa da wancan sashe akwai wurare da dama da igiyar ke tsinkewa.

Wani lokaci alkawarin a baki ya tsaya, ba a rubuta ba. A cibiyoyin amsa kira ana auna ma'aikaci da yawan mintunan da yake ɗauka a kan kowane kira, shi ya sa "za mu kira ka" ta zama hanya mai sauƙi ta rufe magana a karɓi na bayanka. Idan bai sanya umarnin kiran a cikin tikitin ba, da rana da lambar waya, babu wanda ya san kana jira. Wani lokaci kuma tikitin ya faɗa sashen da ba nasa ba, su dawo da shi, ya yi ta yawo babu mai shi. Akwai wanda aka rataya wa mutum ɗaya, shi kuwa ya tafi hutu ko an sauya masa wurin aiki. Wanda ya fi ciwo shi ne an kira ka sau ɗaya wayarka na kashe ko ba ka kusa, aka rubuta "an kira bai ɗaga ba", aka rufe tikitin. A allonsu maganarka ta ƙare, kai kuwa kana nan kana leƙa waya.

Saboda haka duk lokacin da ka sake kira, kafin ka fara zayyana labari, yi tambaya uku. Tikitin a buɗe yake ko an rufe? Yana hannun wane sashe yanzu? Mene ne abu na ƙarshe da aka rubuta a ciki, kuma a wace rana? Amsar waɗannan za ta nuna maka ko aiki na tafiya a hankali ne, ko kuwa ya mutu tun tuni.

Ka fara duba naka ɓangaren

Minti biyar ya isa. Tabbatar lambar da ke rajistarsu ita ce kake amfani da ita yanzu, ka sa a karanto maka ita. Duba ko wayarka tana toshe baƙin lambobi, domin kiran kamfani yakan zo da lambar da ba wadda ka kira ba, wani sa'in ma a ɓoye. Leƙa saƙonnin tes da akwatin tarkacen imel, ko sun nemi wata takarda suna jiranka kai ma kana jiransu. Sannan ka ƙirga wa'adin daidai: "kwana uku na aiki" ba ya haɗawa da ranakun ƙarshen mako da na hutu.

Ga wani gargaɗi da bai kamata a tsallake ba. Mai jiran kira ya fi kowa saurin faɗawa hannun 'yan damfara, don ya riga ya shirya amincewa da duk wanda ya ce daga kamfanin yake. Wanda ya kira ka da gaske zai iya faɗa maka lambar tikitinka. Ba zai nemi lambar sirrin katinka ba, ko lambar nan ta amfani sau ɗaya da ake turowa ta tes. Da an nemi ɗaya daga ciki, kashe wayar ka kira layin kamfanin da kanka.

Ƙa'idar lokaci

Idan an ba ka wa'adi, bari ya cika, ka ƙara kwana ɗaya na aiki, sannan ka kira layin da aka saba. Wannan kira tuni ne kawai, bai kai ga manaja ba tukuna. Ba da lambar tikiti, yi tambayoyin nan uku, ka karɓi sabon wa'adi mai rana da awa. Kada ka yarda da "nan ba da jimawa ba" ko "cikin mako". Ka ce, "Wace rana, kafin ƙarfe nawa?" Idan tun farko ba a ba ka wa'adi ba, kwana biyu na aiki sun isa ka kira ka nema.

Da wa'adi na biyu ya wuce shiru, nemi manaja. Saɓawa sau ɗaya na iya zama cunkoso ko mantuwa, amma sau biyu na nuna tikitin ba shi da mai shi, kuma kira na uku da na huɗu ga masu amsa waya ba zai sauya komai ba, tunda ba su da ikon tilasta wa wani sashe ya motsa. Haka nan idan ma'aikata biyu sun ba ka bayani biyu masu karo da juna, ko ka tarar an rufe tikitin ba a warware ba, ko kowane kira sai an ce ka faro daga farko kamar ba ka taɓa magana ba. A irin wannan an gaji da gafara sa ba a ga ƙaho ba, ba sai ka jira cikar wani wa'adi ba.

Akwai kuma al'amuran da ba a yi musu jira ko na yini ɗaya. Kuɗi na fita daga asusunka ba da izininka ba, ko katinka ya ɓace, ko wani ya shiga asusunka: a kira na farko ka ce a toshe nan take kana kan layi, idan ma'aikacin ba zai iya ba a haɗa ka da wanda zai iya. Haka abin da ya shafi lafiya ko haɗarin rai, kamar na'urar da ke tartsatsi ko hidimar da majinyaci ya dogara da ita. Sai kuma wa'adin da ke ƙarewa: garanti, ko kwanakin da aka yarda a mayar da kaya, ko lokacin da banki ya ware don ƙalubalantar kuɗin da aka cire da kati. Waɗannan kwanaki ba sa tsayawa don kana jiran kira. Idan abin da ya rage bai kai kwana biyar na aiki ba, tsallake matakin tuni, ka nemi manaja, ka kuma aika ƙorafin a rubuce a ranar domin ya zama shaida cewa ka kai kuka kafin lokaci ya ƙure.

Amma idan tikitin na motsi, an gaya maka ainihin abin da ake jira da ranar da zai iso, to ka dakata. Wanda ya kai ƙara da wuri, manaja zai duba ya ga wa'adi bai cika ba, ya mayar da shi layin da ya fito, kuma ran da ya dawo da ƙorafi na gaskiya an riga an yi masa kallon mai gajen haƙuri.

Abin da za ka riƙe a hannu

Takarda ɗaya tak, kowane kira layi ɗaya: rana, lokaci, sunan wanda ya amsa, lambar tikiti, da abin da aka yi alkawari. Misali: "Litinin, 10:20 na safe, an ce za a kira kafin Laraba 5:00 na yamma." Ɗauki hoton jerin kiran da ke wayarka, wanda ke nuna waɗanda ka yi da waɗanda suka shigo. Lokacin kira yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin inda ake naɗar kira, da rana da awa da lambarka ake nemo muryar, a ji alkawarin daga bakin ma'aikacinsu.

Kada ka bari a buɗe maka sabon tikiti a kan tsohuwar matsala. Sabon tikiti sabon wa'adi ne, ya shafe makonnin da ka yi kana jira, kuma idan suka taru biyu ko uku akan rufe wasu a matsayin maimaici, a rufe har da wanda ke ɗauke da bayanan. Ka ce a sake buɗe na farko, ko a haɗa sabon da shi.

Yadda ake nema

Ma'aikacin da ke kan layi shi ne ƙofarka, kuma sau da yawa ba shi ya yi maka alkawarin ba. Yi masa magana kamar haka: "Ranka ya daɗe, ba da kai nake kuka ba. An yi mini alkawarin kira sau biyu, ranar kaza da ranar kaza, ba a kira ba. Ga lambar tikitin. Ina so a haɗa ni da shugabanku, kuma a rubuta a ciki cewa na nemi hakan." Zagi ba ya buɗe ƙofa, hasali ma wurare da yawa sun ba ma'aikaci izinin katse wayar mai zagi. Barazanar kotu ma ka ajiye ta idan ba da gaske kake ba, domin a wasu kamfanoni da an ambaci lauya sai a miƙa fayil ga sashen shari'a, masu amsa waya su cire hannu, abin ya ƙara jinkiri.

Tarkon da ke nan shi ne a ce maka "manaja zai kira ka". Wato an sake mayar da kai inda ka fito. Ka ce za ka jira a kan layi. Idan da gaske ba ya nan, karɓi sunansa ko muƙaminsa, da awar da zai kira, ka nemi a turo maka tabbaci ta tes ko imel kafin ka ajiye. Idan kamfanin na da ofishin da za ka iya zuwa, zuwa da kai ya fi aike.

Ka san kuma "manaja" hawa-hawa ne. Shugaban masu amsa waya zai iya sauraren kiran da aka naɗa, ya sake buɗe tikiti, ya ɗaga shi gaba a layi. Amma mayar da kuɗi mai yawa ko sauya hukunci yawanci na hannun sashen ƙorafi ne. Tambaye shi kai tsaye ko yana da ikon yanke hukunci a kan abin da kake nema. Idan babu, ya faɗa maka wa ke da shi.

Da ka same shi, kada ka cinye lokacin da tarihin ɓacin rai. Minti ɗaya ya ishe ka: ga matsalar, ga ranakun da aka saɓa, ga abu ɗaya da kake so, ko a gyara, ko a canza, ko a dawo da kuɗi. Kada ka ajiye waya sai ka samu abu uku: sunan wanda maganar ke wuyansa yanzu, ranar da za ka ji sakamako, da hanyar da za ka same shi ba tare da ka sake bin layin farko ba. A ranar ka aika gajeren imel mai ɗauke da abin da kuka yi da shi, lambar tikiti a kan take, ka roƙi ya gyara idan akwai inda ka yi kuskure.

Idan manajan ma ya yi shiru

Idan ranar da ya sa ta wuce da kwana biyu na aiki, daina waya, koma rubutu. Nemi tsarin shigar da ƙorafi a hukumance, wanda manyan kamfanoni kan wallafa a shafinsu ko a takardar yarjejeniya. Akwai ma ma'aunin ƙasa da ƙasa a kan wannan, ISO 10002, wanda aka fara fitarwa a 2004, ya tanadi a sanar da mai ƙorafi cewa an karɓa, a kuma bi sawun ƙorafin har a kai ga hukunci. Takardarka kada ta wuce shafi ɗaya: ranaku a jere, kwafin shaidu, abin da kake nema, da ranar da kake sa ran amsa. Riƙe asalin takardunka, kwafi kawai za ka ba su.

Daga nan sai hukumar da ke sa ido a kan wannan harka ko mai kare haƙƙin masu saye a ƙasarka. Galibinsu sukan fara tambayar ko ka kai kuka ga kamfanin tukuna, su nemi lambar ƙorafi da ranar da ka shigar, wato abin da ke cikin takardar nan taka. Idan ka zaɓi yin magana a shafin kamfanin na sada zumunta, rubuta lambar tikiti kawai, ban da lambar asusu ko ta waya, domin masu shigar burtu da sunan kamfani suna bibiyar irin waɗannan saƙonni. Kuma duk tsawon wannan lokaci ka ci gaba da biyan ɓangaren kuɗin da babu jayayya a kansa, ka bayyana a rubuce wanda ka riƙe da dalilin riƙewar, don kada a yanke maka hidima ko a ɗora maka tarar jinkiri alhali ƙorafinka na kan tebur.