Yadda na gyara bayanin da ke rikita mataimakin AI

Mataimakin AI da ke duba mana odar kaya ya dinga kawo na wata rana daban. A ce masa 3 ga Afrilu, sai ya kawo na 4 ga Maris. Da na bi diddigi, sai na tarar matsalar tana cikin bayanin kayan aikin da yake amfani da shi wajen neman oda, wanda layi ɗaya ne tak: "yana neman oda da kwanan wata". Shi kuwa mataimakin ba ya ganin abin da ke cikin manhajar. A tsarin MCP, wato ƙa'idar da ke haɗa mataimakan AI da kayan aiki, sunan kayan aikin da bayaninsa da JSON Schema (fasalin bayanan da kayan aikin ke karɓa) ake miƙa masa, da su yake yanke shawara. Yana tura 03/04, sabar, wato manhajar da ke karɓar buƙatarsa, tana karantawa irin na Amurka, wata kafin rana.

Na sake rubuta bayanin, na wajabta tsarin rubuta kwanan wata na ISO 8601 (shekara, sai wata, sai rana), na sa misali ƙarara: 2025-04-03. Na kuma sa sabar ta ƙi duk wani tsari daban, ta faɗi wanda take so, domin mataimakin ya gyara da kansa.

Kafin in saki, na ba wata abokiyar aiki bayanin kaɗai ta gwada. Ta tsaya a kan agogon wace ƙasa ake bi, na ƙara cewa na Najeriya ne.